Ɓeraye masu tawayar ƙafa da abin da suka bayyana game da halittar hannun ɗan Adam

A shekara ta 2016, wasu masana kimiyya a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke jihar Kaliforniya ta Amurka sun cire wani ɗan guntu daga sinadarin gado na ɓera, wato DNA, suka maye gurbinsa da takwaransa da suka samo daga maciji. Ɓerayen da aka haifa sun zo da kai da gangar jiki da wutsiya lafiya lau, amma inda ya kamata a ga ƙafafu sai aka tarar da 'yan dungulmi. Da masanan suka mayar wa guntun na maciji wasu haruffa 17 da babu su a cikinsa, sai aka haifi ɓeraye da ƙafafu huɗu cikakku, kowace da yatsunta.

Wannan gwaji ya biyo bayan shekaru da dama da aka shafe ana nazarin ɓerayen da ake haifa da ƙarin yatsu, ko yatsu a manne, ko ƙashi a gajarce, ko kuma babu ƙafa ɗungurungum. Dalilin wannan ɗawainiya shi ne, ƙwayoyin gadon da ke gina ƙafar gaba ta ɓera su ne dai ke gina hannun ɗan Adam, kuma tawayar hannu da ƙafa na cikin nakasar da aka fi haihuwar jarirai da ita. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a ƙasar, kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 ake haifa da hannu ko ƙafar da ba ta kammala ba, ban da masu ƙarin yatsa, waɗanda suka fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Babban abin da ɓerayen suka nuna shi ne, sau da yawa ƙwayar gadon da ake zargi lafiyarta ƙalau. Matsalar takan kasance a wurin da aka kunna ta, ko lokacin da aka kunna ta, ko kuma yawan sinadarin da ta fitar.

Dalilin zaɓen ɓera

Sinadarin DNA dogon zare ne da ke naɗe a cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki, kuma an rubuta bayanin da ke cikinsa ne da haruffa huɗu kacal, waɗanda masana ke wa laƙabi da A da C da G da T. Ɗan Adam na da kimanin haruffa biliyan 3, na ɓera kuwa sun ɗan gaza haka. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan zare wanda ke ɗauke da umarnin haɗa wani furotin, kuma ɗan Adam da ɓera kowannensu na da kimanin irin waɗannan ƙwayoyi 20,000. Kowace ƙwaya kwafi biyu ce a jiki, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan harafi ya sauya, ko ya ɓace, ko aka maimaita shi, shi ne ake cewa an samu sauyin gado.

Lokacin da aka wallafa taswirar DNA ta ɓera a watan Disamba na 2002, an gano cewa kusan kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsa suna da takwara a jikin mutum. Ga shi kuma cikin ɓera bai wuce kwana 19 zuwa 21 ba, kuma ɗan da aka haifa yakan balaga cikin makonni 6 zuwa 8. Abin da zai ɗauki ƙarni guda kafin a gan shi a zuriyar mutane, ana iya ganinsa a zuriyar ɓera cikin shekara ɗaya.

Da yawa daga cikin ɓerayen da ke ɗakunan gwaje-gwaje na duniya sun samo asali ne daga gonar wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Abbie Lathrop, wadda ke kiwon ɓeraye tana sayarwa a jihar Massachusetts a farkon ƙarni na 20. A 1929 Clarence Little ya kafa cibiyar Jackson a garin Bar Harbor na jihar Maine, wadda ta zama rumbun ajiyar ɓeraye masu sauyin gado. A wancan zamani aikin haƙuri ne kawai: ma'aikaci zai duba dubban ɓeraye, ranar da ya ci karo da mai ɗingishi ko mai yatsa shida sai a ware shi a hayayyafa shi. An san sauyin na bin zuriya, amma ba a san inda yake a jikin zaren ba.

Lamarin ya sauya a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aikin Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies ya ba da damar zaɓen ƙwayar gado guda a kashe ta da gangan, sannan a ga abin da zai ɓaci. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2007. Daga 2012 kuma fasahar CRISPR ta sa ana iya gyara harafi ɗaya tak cikin 'yan makonni.

Daga toho zuwa ƙafa

A wajen kwana na 9 da rabi na ciki, wani ɗan toho kan fito a kowane gefe na ɗan tayin ɓera, inda ƙafafun gaba za su kasance. Na baya kan biyo bayan kamar rabin yini. Cikin kwanaki biyar wannan toho, wanda da farko bai fi kan allura ba, ya zama ƙafa mai ƙashi ɗaya a sama, biyu a tsakiya, sannan ƙananan ƙasusuwa da yatsu biyar. A jikin ɗan Adam aikin kan fara a mako na 4 ya kammala a wajen mako na 8, wato a lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba.

An fara fahimtar yadda tohon ke girma ne a cikin ƙwan kaza. A 1948 wani Ba'amurke, John Saunders, ya lura cewa bakin tohon na da wani ɗan leɓe mai kauri. Idan aka yanke leɓen da wuri, fiffike kan tsaya a dantse. Idan aka jinkirta, sai yatsu kawai su ɓace. Ɓera ya taimaka wajen tabbatar da sinadaran da ke wannan aiki. A 1998 da 1999 an kashe ƙwayar gado mai suna Fgf10, sai aka haifi ɓeraye babu ƙafa ko ɗaya, kuma babu huhu, saboda haka suka mutu nan take. Naman cikin tohon ne ke aika Fgf10 zuwa fatar da ke rufe da shi, ita kuma ta mayar da martani da wani sinadari ɗan uwansa, Fgf8. Muddin wannan kai-komo na gudana, ƙafa na ƙara tsawo.

Ƙafar gaba da ta baya kuwa kowace da mai fara ta. Idan aka kashe Tbx5 a wurin tohon, ƙafafun gaba ba sa fitowa sam, na baya kuma su fito daidai. A 1997 aka gano cewa lalacewar kwafi ɗaya na wannan ƙwaya a jikin mutum ita ce ke haddasa ciwon Holt-Oram, inda ake haihuwar jariri da tawayar babban yatsa ko ta hannu tare da huji a zuciya. Shi ya sa likitan yara da ya ga irin wannan hannu yakan nemi a duba zuciyar jaririn. Ita kuma ƙwayar Pitx1 ita ke bai wa ƙafar baya kamanninta, domin ɓeran da ya rasa ta gwiwarsa kan ɗauki siffar gwiwar hannu.

Ƙwayar gado mai sunan bushiya

Tambayar da ta fi ɗaure kai ita ce yadda toho ke sanin gefen da babban yatsa zai fito da gefen ƙaramin yatsa. A 1968 Saunders ya yanko wani ɗan nama daga gefen baya na tohon fiffiken kaza ya dasa shi a gefen gaba na wani tohon, sai fiffiken ya fito da jerin yatsu biyu suna kallon juna kamar hoto a madubi. An shekara 25 ana neman sinadarin da wannan ɗan nama ke fitarwa, har zuwa 1993 da ɗakin binciken Cliff Tabin na jami'ar Harvard ya gano shi.

Sunan da aka raɗa masa, Sonic hedgehog, na da ɗan tarihi mai ban dariya. An fara ganin danginsa ne a jikin ƙudan 'ya'yan itace, wanda tsutsarsa kan cika da ƙayoyi kamar bushiya idan ƙwayar ta lalace, kuma kalmar hedgehog na nufin bushiya a Turance. Wani matashin mai bincike ya ƙara masa sunan wata bushiya ta wasan bidiyo na kamfanin Sega. Likitoci sun sha kokawa cewa ba sunan da za a faɗa wa iyayen jariri mai nakasa ba ne, don haka a asibiti sai a ce SHH kawai.

A 1996 ɗakin binciken Philip Beachy na jami'ar Johns Hopkins ya kashe wannan ƙwaya a jikin ɓera. Ɗan tayin ya zo da ido ɗaya a tsakiyar fuska, ƙafafunsa kuma sun tsaya a rabi, ta baya da yatsa ɗaya tilo. Sinadarin na fitowa ne daga gefen ƙaramin yatsa ya bazu, yana raguwa yayin da yake nisa. Ƙwayoyin halittar da suka sha shi da yawa kuma suka daɗe a cikinsa su ke zama ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa, babban yatsa kuwa na fitowa ne inda bai kai ba.

Amma SHH na da abokin hamayya. A 1967 aka bayyana wani ɓera da aka samu a cibiyar Harwell ta Ingila, aka kira shi Extra-toes, wato mai ƙarin yatsu. Wanda ya gaji sauyin daga ɗaya daga cikin iyayensa yakan zo da ƙarin yatsa guda, wanda ya gada ta ɓangarori biyu kuwa yakan zo da yatsu barkatai, kusan duk kamarsu ɗaya, kuma ba ya rayuwa. A 1993 aka tabbatar da cewa ƙwayar Gli3 ce ta lalace, wadda shekaru biyu kafin nan aka danganta da ciwon Greig a jikin mutane. Aikin Gli3 shi ne taka birki ga fitar yatsu, aikin SHH kuma shi ne sassauta birkin a gefe guda. Hujjar ta zo a 2002, lokacin da aka kashe su biyun a ɓera ɗaya. An zaci za a ga dungulmi, sai ga ƙafa cike da yatsu. Ashe toho da kansa na da ƙarfin fitar da yatsu masu yawa, kuma biyar ɗin da aka saba gani sakamakon ja-in-ja ne tsakanin waɗannan biyu.

Makunnin da ke can nesa

A ƙarshen shekarun 1990 wasu masu bincike a Birtaniya suna cusa wani baƙon guntun DNA a jikin ɓeraye don wata manufa dabam, sai wata zuriya ta fito da ƙarin yatsu ta gefen babban yatsa. Suka sa mata suna Sasquatch, sunan wani dodo mai manyan ƙafafu a tatsuniyoyin Arewacin Amurka. Da aka duba 'yan tayin, sai aka ga SHH na fitowa a gefuna biyu na toho maimakon gefe ɗaya. Amma ita kanta ƙwayar SHH babu abin da ya taɓa ta. Baƙon guntun ya faɗa ne a cikin wata ƙwayar gado dabam mai suna Lmbr1, wadda ke da nisan haruffa kusan miliyan ɗaya daga SHH.

Da farko an ɗora wa Lmbr1 laifi, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a nan aka ga ɓarnar. Laura Lettice da Robert Hill na sashen nazarin gado na hukumar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Edinburgh su ne suka warware ƙullin a 2002 da 2003. Sun nuna cewa a tsakiyar Lmbr1 akwai wani yanki mai haruffa kimanin 800 wanda ba ya haɗa kowane furotin. Aikinsa ɗaya ne, shi ne kunna SHH a tohon ƙafa, a gefen da ya dace. Wato makunni ne, kamar na fitila, sai dai an kafa shi a gidan maƙwabci. Zaren DNA kan lanƙwasa har makunnin ya kusanci ƙwayar da yake kunnawa. Ana kiran wannan yanki ZRS.

Daga nan sai abubuwa suka yi ta haɗuwa. A cikin wasu iyalai na ƙasashen Holland da Beljiyam da Kyuba, waɗanda suka daɗe suna haihuwar 'ya'ya da ƙarin yatsa ta gefen babban yatsa, ko babban yatsa mai gaɓa uku maimakon biyu, an tarar da sauyin harafi ɗaya tak a cikin ZRS. Haka aka samu a wasu tsofaffin zuriyoyin ɓeraye. A 2008 aka same shi a jikin kyanwoyi masu yatsu shida, ciki har da shahararrun kyanwoyin gidan marubuci Ernest Hemingway da ke Key West a jihar Florida. A Japan kuma, ɗakin binciken Toshihiko Shiroishi ya cire makunnin baki ɗaya a 2005, aka haifi ɓeraye masu fuska da ƙwaƙwalwa daidai, tunda waɗancan sassa na da nasu makunnan, amma ƙafafunsu a guntule.

Muhimmancin wannan bincike ya wuce batun yatsu. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na DNA ɗin ɗan Adam ne ke haɗa furotin, kuma an daɗe ana yi wa sauran kallon shara. ZRS na cikin misalan farko da suka nuna ƙarara cewa harafi ɗaya a cikin wannan “shara” na iya sauya siffar jiki. Gwajin asibiti da ya tsaya ga karanta ƙwayoyin gado kaɗai ba zai ga irin wannan sauyi ba.

Irin wannan kuskure ya faru da wani ɓera mai suna limb deformity, wanda ƙasusuwan tsakiyar ƙafarsa biyu kan haɗe, yatsunsa su ragu. Tun 1990 ake koyar da cewa ƙwayar formin ce sanadi, sai a 2004 ɗakin binciken Rolf Zeller ya nuna cewa abin da ya lalace makunni ne na wata maƙwabciyarta mai suna Gremlin. Haka nan a 2012 masana a Berlin suka gano cewa ciwon Liebenberg, inda gwiwar hannu da wuyan hannun mutum ke ɗaukar kamannin ƙafa, na faruwa ne saboda Pitx1 ta kunnu a hannu, wurin da bai kamata ta yi aiki ba.

A kan wannan turba gwajin 2016 ya ginu. Evgeny Kvon da Axel Visel sun lura cewa ZRS kusan iri ɗaya ne daga kifi har zuwa mutum, amma a jikin macizai ya zaizaye. Da suka sa wa ɓera ZRS na mutum, ƙafafunsa sun fito daidai. Haka ma da suka sa masa na wani kifin zurfin teku mai suna silakant. Na kumurci da na mesa ne suka gaza, kuma na mesar ne aka gyara da haruffa 17. Mesa dai na da 'yan ƙaho biyu kusa da wutsiya, waɗanda masana ke cewa ragowar ƙafafun baya ne, kuma ɗan tayinta kan fara tohon ƙafa kafin aikin ya tsaya.

Dantse, sangali, yatsu

Wani rukunin ƙwayoyin gado da ake kira Hox shi ke faɗa wa kowane sashe na ƙafa abin da zai zama. Su 39 ne a jikin ɓera da na mutum, a jere cikin gungu huɗu, kuma abin al'ajabi shi ne jerinsu a kan zare ya yi daidai da jerin sassan da suke ginawa. A 1995 ɗakin binciken Capecchi ya kashe Hoxa11 da Hoxd11 tare, sai ƙasusuwa biyu na tsakiyar ƙafar gaba suka kusan ɓacewa, tafi ya zauna dab da gwiwa. Shekara guda bayan haka aka kashe Hoxa13 da Hoxd13 a birnin Strasbourg na Faransa, yatsu suka ɓace. Idan ɗaya kawai aka kashe, ɓarnar ba ta da yawa, domin 'yar uwarta kan rufa mata asiri.

A nan ma ɓera da mutum sun yi ta haskaka juna. A 1996 aka gano cewa ɓeran da ake kira Hypodactyly, mai ƙarancin yatsu, ya rasa haruffa 50 a cikin Hoxa13, kuma a shekarar da ta biyo aka samu sauyin wannan ƙwaya a wani iyali mai gajerun manyan yatsu da matsalar mafitsara da mahaifa. A 1996 ɗin dai aka danganta HOXD13 da yatsun da ke mannewa da ƙarin yatsa a tsakaninsu, sannan a 1998 wani ɓera ya ɓulla da kansa a cibiyar Jackson da irin sauyin sak.

Akwai kuma tsohuwar tambaya ta yadda ake samun yatsa, sarari, yatsa, sarari, a jere. A 1952 Alan Turing, masanin lissafin nan na Ingila da ya yi suna wajen warware saƙonnin sirri na Jamus a yaƙin duniya na biyu, ya rubuta cewa sinadarai biyu masu bazuwa, ɗaya na zuga ɗaya na hanawa, na iya haifar da zane-zane irin na jikin damisa da jakin dawa. Masu nazarin ƙafa sun daɗe ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. A 2012 wasu masana daga Spaniya da Kanada, ciki har da Marian Ros da James Sharpe da Marie Kmita, suka ɗauki ɓeran da ba shi da Gli3 suka riƙa rage masa ƙwayoyin Hox ɗaya bayan ɗaya. Faɗin tafin bai ƙaru ba, amma yatsu suka riƙa siranta suna matsuwa suna ƙaruwa, har aka kai 14 a ƙafa guda, kamar yadda lissafin Turing ya yi hasashe.

Sauran aikin na gamawa ne. Wnt7a da Lmx1b su ke bambanta bayan hannu da tafi: ɓeran da ya rasa Wnt7a kan yi tafi sama da ƙasa, wanda ya rasa Lmx1b kuma ba ya yin farce ko ƙoƙon gwiwa, kamar mutanen da ke da sauyi a wannan ƙwaya. Rabuwar yatsu kuwa mutuwa ce ke kawo ta, domin ƙwayoyin halittar da ke tsakaninsu kan mutu bisa tsari. Ɓeran da aka hana wa wannan mutuwa kan girma da fata a tsakanin yatsunsa kamar agwagwa. A 2024 ma ɗakin binciken Moisés Mallo a Fotugal ya dakatar da ƙwayar Tgfbr1 a tsakiyar ciki, aka samu ɗan tayi mai ƙafafu shida, biyu daga ciki sun fito a gurbin al'aura, abin da ya nuna cewa sassan biyu daga tushe ɗaya suke tasowa.

Batun cindo

Hausawa sun daɗe da sanin yatsa na shida, har suna da sunansa, cindo, kuma akan kira wanda aka haifa da shi Cindo. Binciken da aka yi a asibitocin Amurka ya nuna cewa irin wannan yatsa ya fi yawa a tsakanin jarirai masu asali da Afirka, kusan ninki 10 idan aka kwatanta da Turawa. Sai dai yana da kyau a bambanta. Cindo na fitowa ne ta gefen ƙaramin yatsa, galibi ɗan nama ne mai lilo ba tare da cikakken ƙashi ba, alhali sauyin ZRS na kawo ƙari ne ta gefen babban yatsa. A wasu iyalai an danganta ƙarin yatsa na gefen ƙaramin yatsa da GLI3. Yakan bi jini daga uwa ko uba, wani lokaci ya tsallake ɗa ya fito a jika, kuma idan shi kaɗai ne ba tare da wata alama ba, yawanci ba ya nuna wata cuta. An saba ɗaure shi da zare har ya faɗi, amma likitoci da dama sun fi son a cire shi a asibiti, saboda ɗaurin kan bar kututture mai zafi.

Inda ɓera ya gaza

Duk da wannan kamanni, ɓera ba ƙaramin mutum ba ne, kuma an biya wannan darasi da tsada. A 1957 kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fara sayar da maganin thalidomide don kawo barci, aka kuma riƙa bai wa masu juna biyu don rage laulayi. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, bayan gargaɗin likitoci biyu, Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostireliya, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama, da yawansu tafin hannu manne da kafaɗa. Haɗarin ya fi tsanani ne tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki, daidai lokacin da toho ke fitowa. Da aka koma gwada maganin a kan ɓeraye masu ciki, 'ya'yansu sun zo da ƙafafu lafiya. Zomo da biri ne suka nuna nakasar. Daga wannan masifa aka kafa ƙa'idar gwada sabon magani a kan nau'in dabbobi biyu masu ciki, ɗaya daga ciki ba dangin ɓera ba.

Haka ma ciwon nan da ake samu kusan a Brazil kaɗai, inda ake haihuwar mutum babu tafin hannu da na ƙafa. A 2001 aka gano cewa wani yanki na LMBR1 ne ya ɓace, ko da yake ZRS na nan daram. A 2021 masana a San Francisco suka nuna cewa yankin da ya ɓace shi ke taimaka wa zare lanƙwasa don makunni ya isa ga SHH. Amma da suka cire takwaran yankin a jikin ɓera, ƙafafunsa ba su nuna komai ba.

Shi kuwa thalidomide bai bar duniya ba, domin ya dawo a matsayin maganin wani nau'in sankarar ɓargo da kuma wasu matsalolin cutar kuturta, bisa tsauraran sharuɗɗan hana ɗaukar ciki. An shekara kusan 50 kafin a san inda yake kamawa a jiki. A 2010 ɗakin binciken Hiroshi Handa a birnin Tokyo ya gano cewa yana manne wa wani furotin mai suna cereblon, sannan a 2018 wasu rukunoni biyu a Amurka suka nuna cewa wannan mannewa na sa jiki ya lalata furotin SALL4, wanda tuni aka san cewa rashinsa ta hanyar gado na kawo tawayar hannu mai kama da ta thalidomide. Cereblon na ɓera ya bambanta da na mutum a wani muhimmin wuri guda. A 2018 ɗin dai aka gyara wannan wuri a jikin wasu ɓeraye ya koma irin na mutum, aka ba masu ciki maganin. Sun riƙa yin ɓari, amma ba a ga gajerun ƙafafu a jikin 'ya'yansu ba, kuma an lura cewa SALL4 na ɓera shi ma ya sha bamban da na mutum a daidai inda maganin ke kama shi.